An cire wa yarona tonsil, kwana uku ke nan ba ma barci: wane maganin zafi kuka ba naku?

Maman Hanif (Talata, 9:40 na dare)

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Ranar Asabar aka yi wa Hanif aikin cire tonsil, wato tsokar nan biyu da ke gefen maƙogwaro, shekararsa biyar. Minshari ne da ɗaukewar numfashi cikin barci suka sa aka yi aikin. Kwana ɗaya muka yi a asibiti, aka sallame mu da farasitamol da ibufurofen na ruwa. Ranar farko har mamaki na yi, yana wasa yana shan ruwa kamar ba shi aka yi wa aiki ba. Amma tun jiya abin ya juye. Ko yawunsa ba ya yarda ya haɗiye, sai dai ya bar shi yana dalala. Yana kama kunne yana kuka, alhali babu wanda ya taɓa kunnen. Na haska bakin da fitilar waya na ga wurin ya yi fari fat, ga wari. Babansa cewa yake wannan ai maganin ciwon kai ne, ba na wanda aka yanka ba, mu koma gobe a ba mu mai ƙarfi. Ni dai hankalina ya tashi. Me kuka ba naku?

Ummu Yasmin

Wa alaikumus salam. Sannu Maman Hanif, Allah ya ba shi lafiya. Maganar babansa tana kan hanya. Lokacin da aka yi wa babbar 'yata, wajen 2010 ne, wani na ruwa aka ba mu mai kodin a ciki. Tana sha sai barci, ba mu ga irin wannan wahalar ba. Ki ce su rubuta miki shi.

Anti Rabi Nas

Ummu Yasmin, don Allah kada ki ji haushina, amma ki janye wannan shawarar. A 2010 ana bayarwa, gaskiyarki. Yanzu an hana. Yaro ɗan shekara biyar, da aka yi wa aikin tonsil, kuma saboda ɗaukewar numfashi aka yi aikin: a duk yaran duniya irinsa ne aka fi tsoron ba shi kodin.

Maman Hanif, ki ɗan kwantar da hankali, mu bi abin ɗaya bayan ɗaya. Farin da kika gani ba mugunya ba ce. Haka ɓawon miki yake kasancewa a wurin da kullum yake jiƙe, a fata ya bushe ya yi baƙi, a maƙogwaro kuwa ya yi fari ko ruwan toka. Warin ma daga nan yake, zai tafi idan ɓawon ya faɗi. Kada ki goge shi, kada ki sa masa komai. Ciwon kunnen kuma jijiya ɗaya ce ta ratsa maƙogwaro ta kai kunne, shi ya sa yaro yake jin zafin a can. Yawancin yaran da na yi jinya sun yi wannan kukan kunnen.

Yanzu ki amsa min: kilo nawa ne shi, nawa kike ba shi, kuma sau nawa a rana? Ya yi fitsari yau?

Maman Hanif

Anti na gode. Kilo 18 aka auna shi ranar aikin. Farasitamol 5 ml nake ba shi, haka aka rubuta. Ibufurofen ɗin gaskiya sau ɗaya na ba shi jiya, yau ban ba shi ba, don wata ta ce min yana jawo zubar jini. Ba ni da tsayayyen lokaci, sai na ga kukan ya yi yawa nake lallaɓa shi ya sha. Fitsari sau biyu ya yi yau, ya yi ja-ja.

Malam Habibu Famasi

Hajiya, ɗauko kwalbar farasitamol ɗin ki karanta mana abin da aka rubuta a gabanta. Akwai lamba biyu, ɗaya da mg ɗaya da ml.

Maman Hanif

An rubuta 120 mg a 5 ml. Amma fa ba ita ce ta asibiti ba. Waccan Hanif ya bige ta ta zube ranar Lahadi da daddare, sai babansa ya sayo wannan.

Malam Habibu Famasi

To ai ga inda gizo yake saƙar. Idan kwalin tsohuwar yana nan ki duba, ina kyautata zaton 250 mg a 5 ml za ki gani. Farasitamol na yara ƙarfinsa ba ɗaya ba ne. Akwai mai 120 a 5 ml, akwai mai 250 a 5 ml, a Amurka kuma 160 a 5 ml aka fi sayarwa. Lissafin da ake yi shi ne wajen 15 mg a kan kowane kilo na nauyin yaro. Kilo 18 sau 15 ya ba mu 270 mg. Idan likita ya rubuta 5 ml na mai 250, lissafi ya yi daidai. Amma 5 ml na wannan sabuwar kwalbar 120 mg ne kawai, ko rabin abin da ya kamata bai kai ba. Wato tun Litinin yaron rabin magani yake sha, shi ma sai an ga ya yi kuka, ɗaya maganin kuma an ajiye shi gefe. A ce maganin bai yi aiki ba? Ai ba a ba shi dama ba tukuna.

Ki kira lambar da suka ba ki a takardar sallama yanzu, ko da dare ne, ki karanta musu ƙarfin sabuwar kwalbar su gaya miki ml nawa za ki ba shi. Wajen 10 ml za ki ji sun ce, amma daga bakinsu nake so ki ji, don su suka san yaron. Kuma da me kike aunawa? Idan cokalin shayi ne, ki ajiye shi. Cokulan gida wani ya ɗebi 3 ml wani ya ɗebi 7. Sirinjin baki da ke zuwa cikin kwali shi ne abin awo.

Abu ɗaya kuma: kada ya wuce sau huɗu cikin awa 24, kuma ki duba duk wani maganin mura ko tari da ke gidan, da yawansu akwai farasitamol a ciki. A haɗa biyu ba a sani ba, hanta ce take ɗaukar nauyin.

Maman Hanif

Innalillahi. Na samo kwalin a kwandon shara, 250 ne kamar yadda ka faɗa. Wallahi ko kaɗan ban lura ba. Bari in kira su.

Baban Ilham

Malam Habibu, maganar farasitamol na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma ibufurofen, ni dai ba zan ba kowa shawarar ya ba ɗansa ba. Bara aka yi wa Ilham irin wannan aikin, tana da shekara bakwai. Mun bi takarda tiryan-tiryan, farasitamol da ibufurofen a kan lokaci. Dare na bakwai misalin ƙarfe biyu ta tashi tana tari, sai jini a kan matashi, kafin mu kai asibiti ta yi aman jini sau biyu. Sai da aka sake shiga da ita ɗakin tiyata aka ƙone jijiyar da ke zubar. Abin da na gani a daren nan ba na fatan ko maƙiyina ya gani. Kowa ya san irin waɗannan magungunan suna tsinka jini. Wadda ta gaya wa Maman Hanif haka ba ƙarya ta yi ba.

Anti Rabi Nas

Baban Ilham, sannu, Allah ya ƙara mata lafiya. Amma ka lura da ranar: dare na bakwai. Tsakanin kwana biyar zuwa goma ne ɓawon yake ɓamɓarewa, kuma lokacin ne jini yake zuwa wa wanda zai zo wa, ya sha ibufurofen ko bai sha ba. Na ga waɗanda farasitamol zalla suka sha suka dawo da jini.

Baban Ilham

Anti, kin ga waɗanda ba su sha ba sun yi jini, ni kuma na ga wadda ta sha ta yi jini. Gani na da ganinki ba za su raba gardama ba. Akwai likita a zauren nan, ya zo ya gaya mana gaskiya.

Likita Mansur

Ina nan ina karantawa, aiki ne ya riƙe ni. Ni ɓangarena sa barci a ɗakin tiyata, don haka yaran nan ta hannuna suke bi kafin aiki da bayansa.

Baban Ilham, ba zan ce maka tsoronka ba shi da tushe ba, don ko tsakanin likitoci an daɗe ana wannan gardamar. Ibufurofen yana ɗan rage wa ƙwayoyin da ke daskarar da jini ƙarfi, na ɗan lokaci, idan ya bar jiki sai su dawo daidai. Tambayar ita ce ko wannan ɗan ragin ya isa ya ƙara yawan zubar jini bayan aikin tonsil. A 2013 ƙungiyar Cochrane, masu tattara gwaje-gwajen da aka yi su auna su gaba ɗaya, sun duba na yara, ba su ga ƙarin zubar jini a fili ba, sun kuma ga yaran da suka sha irin wannan maganin sun fi ƙarancin amai. Amma su da kansu sun ce yawan yaran da aka gwada bai isa a rufe maganar ba. Sai a 2019 aka fitar da wani gwaji da aka yi a Amurka a kan yara 741, rabi aka ba su ibufurofen rabi farasitamol. Waɗanda jininsu ya kai sai an koma tiyata, kashi 2.9 cikin ɗari ne a ɓangaren ibufurofen, kashi 1.2 a ɓangaren farasitamol. Masu gwajin suka ce ba za su iya rantsewa babu ƙarin haɗari ba. Ka ga ban ɓoye maka ba.

To me ya sa duk da haka ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka, a ƙa'idarta ta 2019, ta ce a ba yara ibufurofen ko farasitamol ko duka biyun? Saboda idan ka cire shi, sai ka tambayi kanka me za ka sa a gurbinsa. Farasitamol shi kaɗai sau da yawa ba ya isa a kwana na uku zuwa na bakwai. Yaron da zafi ya hana shi sha, maƙogwaronsa zai bushe, zafin ya ƙaru, jikinsa ya rasa ruwa, ya dawo asibiti a sa masa ƙarin ruwa. Abin da ya rage sama da wannan kuma dangin mofin ne, wato magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su kodin, su kuma numfashi suke taɓawa. Jini ana ganinsa, a ruga asibiti a tsayar da shi. Numfashin da ya ja baya cikin barci kuwa, uwa tana kwance kusa da ɗanta ba za ta sani ba. Ni dai idan ɗana ne, zan ba shi ibufurofen ɗin. Amma akwai likitocin tiyata da ba sa rubuta shi, kuma wanda nasa likitan ya ce kada a ba, ya bi maganar likitansa, don shi ya ga yadda wurin ya yi jini lokacin aikin.

Akwai yaran da dama ba nasu ba ne: mai ciwon ƙoda, mai gyambon ciki, mai matsalar daskarewar jini ko wanda ake da ita a danginsu, da mai asmar da aka san irin wannan maganin yana tayar masa da ita. Sannan yaron da jikinsa ya rasa ruwa sosai, ibufurofen yana wahalar masa da ƙoda. Shi ya sa fitsarin Hanif ya fi damuna a daren nan fiye da komai. Maman Hanif, ki gaya musu maganar fitsarin idan kin same su a waya.

Baban Ilham

Likita na gode da ka faɗi lambobin yadda suke. 2.9 da 1.2, ai ya ninka har da ɗoriya. Wanda 'yarsa ta faɗa cikin ukun nan, sauran casa'in da bakwai ɗin ba su dame shi ba. Na fahimci hujjarka, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Idan aka ce za a yi wa ƙaninta, zan zauna da likitan mu yi magana tun kafin ranar.

Likita Mansur

Hakan shi ne daidai, kuma ka gaya masa yayarsa ta taɓa zubar da jini, zai so ya sani. Ka tambaye shi ma ko yaron zai dace da irin aikin da ake rage tonsil ɗin a bar ɗan siririn saura a jikin bango, maimakon a cire shi duka. Wannan ya fi sauƙin zafi da ƙarancin jini, an fi yi wa masu matsalar numfashi, sai dai wani lokaci tsokar takan sake tsirowa.

Ummu Yasmin

Ni har yanzu ba a gaya min laifin kodin ba. An ce in janye na janye, amma 'yata ta sha, ga ta nan har ta shiga jami'a.

Likita Mansur

Hajiya, Allah ya raya ta. Yawancin waɗanda suka sha haka suka wuce lafiya, shi ya sa aka daɗe ba a gane ba. Kodin shi kansa ba ya kashe zafi sosai, sai hanta ta juya wani ɓangarensa ya koma mofin. Akwai wani sinadari a hanta da ke wannan aikin, ana ce masa CYP2D6, kuma gadonsa ake yi. Wasu nasu ba ya aiki, su sha kodin kamar sun sha ruwa. Yawanci nasu matsakaici ne, ina jin 'yarki a nan take. Wasu kuma nasu gudu yake yi, cikin ɗan lokaci ya cika jini da mofin daga awon da aka rubuta daidai. Ba a gane su a fuska, sai an yi gwajin ƙwayar halitta, wanda ba a saba yi ba kafin aikin tonsil. Yawansu ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. A Turai kaɗan ne, amma a Habasha an samu kusan kashi 29 cikin ɗari, kuma suna da yawa a Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa.

Ki haɗa wannan da yaron da dama numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, ga maƙogwaro a kumbure. A 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da sanarwar yara uku da suka rasu bayan an ba su kodin a irin wannan aikin, duk 'yan shekara biyu zuwa biyar. A 2013 ta sa gargaɗi mafi tsanani a jikin maganin, hukumar magunguna ta Turai ma ta taƙaita shi a shekarar. A 2017 FDA ta hana ba 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol gaba ɗaya, ta kuma hana tiramadol ga duk wanda bai kai 18 ba bayan aikin tonsil. Tiramadol ta wannan sinadarin yake bi shi ma, don haka ba mafita ba ne. Barcin da kika ce tana yi da zarar ta sha, shi ne abin da muke tsoro, don daga waje ba a bambanta barcin sauƙi da barcin da numfashi ke raguwa a cikinsa.

Idan an ba da magungunan biyu daidai, a kan lokaci, zafin kuma ya gagara, akwai abin da likita zai iya ƙarawa da awo ƙarami yana sa ido. Amma wannan hukuncin asibiti ne, ba abin da za a aika a sayo ba.

Ummu Yasmin

Subhanallahi. Ashe Allah ne ya tsare mu. Maman Hanif ki yafe ni, garin neman gira na kusa sa ki rasa ido.

Maman Hanif (11:15 na dare)

Haba Yaya, ai da kyakkyawar niyya kika faɗa. Na same su. Nas ɗin ta ce 10 ml na sabuwar kwalbar duk awa shida, ibufurofen kuma in ci gaba yadda aka rubuta, sau uku a rana, amma in fara tabbatar yana shan ruwa. Ta ce idan gari ya waye bai yi fitsari ba in kawo shi. Matsalar yanzu, yana ganin sirinjin yake datse baki. Yaya zan yi da shi?

Anti Rabi Nas

Ba taurin kai ba ne. Ya gane cewa haɗiya ita ce zafin, maganin kuma sai an haɗiye shi. Wasu yaran har ɓoye ciwon suke yi don kada a kawo musu magani, ki tambaya su ce ba komai. Don haka kada ki dogara da bakinsa, ki dubi halinsa: yin shiru, ƙin wasa, tara yawu, ƙin juya wuya.

Ki fara ba shi ɗan ƙanƙara ya tsotsa ko ruwa mai sanyi sosai, wurin zai ɗan yi sanyi. Sai ki zaunar da shi a cinyarki, ki sa bakin sirinjin ta gefen kumatu, ba tsakiyar harshe ba, ki tura kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa. Kada a danne shi a toshe masa hanci, zai iya shaƙewa, kuma gobe ba zai yarda da ke ba. Ɗan shekara biyar idan kika ba shi sirinjin ya tura da kansa sau da yawa yakan yarda. Idan duk ya gagara, akwai farasitamol da ake sakawa ta dubura, ki tambaye su. Amma shi ma farasitamol ne, ana lissafa shi cikin sau huɗun nan, ba ƙari ba ne.

Ki samu takarda ki manna a bango, duk wanda ya ba da magani ya rubuta suna da lokaci. Ke da babansa duk a gajiye kuke, ƙarfe uku na dare ba wanda zai tuna ko an bayar. Abinci kuma ki daidaita shi da maganin, kamar rabin awa bayan ya sha, lokacin ne haɗiya take masa sauƙi.

Ni kuma ra'ayina, a kwanakin nan ki sa ƙararrawar waya ki tashe shi cikin dare ya sha magani da ɗan ruwa.

Maman Biyu

A nan kam ban yarda ba Anti. Yaron da aka sha wuya kafin ya yi barci, a tashe shi? Ni ban taɓa tashin nawa ba. Barci ma ai magani ne.

Anti Rabi Nas

Yaya safiyarku take kasancewa?

Maman Biyu

Hhhh to gaskiya safiya ce ta fi muni. Kuka har maƙwabta su ji.

Anti Rabi Nas

Shi ne dalilina. Ya kwana baki buɗe, maƙogwaro ya bushe, maganin ƙarfe tara na dare ya daɗe da barin jiki. Da safe sai ki fara daga farko, kuma a lokacin ne ba zai yarda ya haɗiyi komai ba. Minti biyu na tsakar dare, ido a rufe ma yake sha ya koma. Ban ce doka ce ba, akwai likitocin da ke cewa a bar mai barci, kuma idan yaro yana tashi lafiya babu dalilin tashinsa. Amma irin Hanif da zafin ya riga ya yi masa yawa, ni zan tashe shi har a wuce kwana bakwai.

Hajiya Inna

'Ya'yana sannunku da ƙoƙari. Ni tsohuwa ce, lambobin nan sun fi ƙarfina. Jikata da aka yi wa, zuma uwarta take ba ta cokali ɗaya safe da yamma, ta ce tana jin daɗinta. Kuma mu a da asfirin muke jiƙawa mu ba yaro in yana ciwo, ban ji an ambace shi ba.

Malam Habibu Famasi

Hajiya Inna, barka da dare. Zuma babu laifi ga wanda ya wuce shekara ɗaya, tana lulluɓe wurin, kuma an yi ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna tana ɗan taimakawa. A ba da ita tare da magani, ba a madadinsa ba. Jariri ƙasa da shekara ɗaya ne ba a ba shi ko ɗigo.

Asfirin kuwa a'a, Hajiya. Shi idan ya taɓa ƙwayoyin daskarar da jini ba sa farfaɗowa, sai jiki ya yi sababbi, abin da ke ɗaukar wajen mako guda ko fiye. Ga kuma cutar Reye da ke kama hanta da ƙwaƙwalwar yara, shi ya sa a Ingila ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 sai da umarnin likita. Tunda ana maganar abin da za a guje wa: maganin feshi ko na shafawa da ke kashe zafin baki, kada a saya a fesa wa yaro sai likitansa ya ce. Antibayotik ma ba maganin zafi ba ne, kuma ƙa'idar 2019 ɗin da Likita ya ambata ta ce kada a riƙa ba da shi haka kawai don an yi aikin tonsil.

Maman Hanif (Laraba, 7:30 na safe)

Alhamdulillah. Ya sha na ƙarfe 12 da na asuba, shi ya tura sirinjin da kansa. Ya yi fitsari da safen nan, ya sha rabin kofin ruwa da ɗan aiskirim. Har yanzu yana taɓa kunne amma babu wannan ihun. Tambayata, me ya sa ranar farko ya fi lafiya? Kuma sai abinci mai ruwa-ruwa kawai zan ba shi?

Likita Mansur

Ranar farko aikinmu ne yake jikinsa. Yana barci ake ba shi magungunan zafi ta jijiya, da allura ɗaya ta deksametason da ke rage kumburi da amai. Idan suka sake shi, sai ainihin ciwon ya fito. Ki sa a ranki cewa zai iya ƙara tsananta wajen kwana biyar zuwa bakwai kafin ya fara sauka, gaba ɗaya kuma akan ɗauki kwana goma zuwa mako biyu. Kada ki ga ya samu sauƙi yau ki daina maganin gobe.

Abinci, duk abin da ya nema ki ba shi. A Ingila ma ƙarfafa wa yara ake yi su ci abincinsu na kullum tun da wuri, don tauna da haɗiya suna hana tsokar wurin sanƙarewa. Wanda ya iya tauna cingam ba tare da ya haɗiye ba, shi ma yana taimakawa. Mai yaji, mai tsami irin ruwan lemo, da mai zafi sosai ne za su yi masa raɗaɗi. Ki guji abin sha mai jan launi, don idan ya yi amai ki iya bambanta shi da jini.

Tunda Baban Ilham ya taɓo maganar, bari in faɗa sarai. Jini sabo daga baki ko hanci, ko kaɗan ne, ko ya tsaya da kansa, a tafi asibiti a lokacin, ba sai gari ya waye ba. Ƙaramin jini yakan zama share fagen babba. Yara haɗiye jinin suke yi, don haka idan kin ga yana ta haɗiya babu dalili, ko ya yi amai ja ko baƙi-baƙi, ko ya yi fari ya yi laushi, duk ɗaya ne. A zaunar da shi ya ɗan sunkuya gaba, kada a ba shi ci ko sha a hanya ko za a buƙaci sa shi barci. Haka nan idan ya yi awa takwas babu fitsari, ko zazzaɓi ya kai 38.5 ya ƙi sauka, ko barcinsa ya yi nauyin da tashinsa yake wuya.

Maman Hanif (Litinin, 8:05 na dare)

'Yan'uwa na dawo da labari. Juma'a da Asabar mun sha wuya kamar yadda Likita ya faɗa, amma da takardar bango da ƙararrawa muka wuce. Jiya da yamma na ga ɗan jan zare a yawunsa, ban tsaya shawara ba muka tafi. Suka duba suka ce ɓawon gefen hagu ne ya faɗi, babu inda ke zuba, suka riƙe mu har safe suna dubawa sannan suka sallame mu. Baban Ilham, kai na tuna a mota. Likitan da ya gan mu ya ce tunda zafin ya ragu in ajiye ibufurofen ɗin, in ci gaba da farasitamol. Yau ya ci shinkafa da ƙwai, har yana faɗa da ƙanwarsa a kan rimot.

Abin da ban saba da shi ba shi ne shirun. Shekara biyu ina jin minsharinsa daga ɗakina, yanzu sai in tashi in je in ɗora hannu a ƙirjinsa.

Baban Ilham

Alhamdulillah. Gara da kika tafi. Allah ya ƙara sauƙi.

Anti Rabi Nas

Madalla. Ki fara janye na tsakar dare ki ga yadda zai tashi, idan lafiya sai ki bar na safe da na kwanciya, daga nan sai in ya nema. Makaranta da guje-guje ki bari ya cika mako biyu, ɓawon ɗaya gefen bai gama faɗuwa ba.